Baron da Na Kai wa Yaya A'i

Tun da na dawo daga tafiyar nan ta kwana biyar, duk wadda ta kawo mini ɗinki sai ta gyara zama a kan tabarma ta ce in ba ta labari. Wasu so suke su ji ko mun gamu da 'yan bindiga a hanyar Rabah, wasu kuma ko gaskiya ne kifin Goronyo ya fi namu daɗi. Na gaji da ba da labarin gutsu-gutsu ina taka keken ɗinki. Ga shi kuma akwai wani wuri da nake tsallakewa kullum, don ba na son a ga idona ya kawo ruwa. Yau zan faɗe shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa.

Ni tela ce, na haura shekara talatin a kan keke a nan Wurno, kuma ina ji da idona. Mace ta shigo ɗakina, kafin ta gama sallama na san faɗin kafaɗarta. Abin da ya sa ke nan Malama Rabi, malamar gona da ke zagaya matan fadama, ta zo ta same ni. Ta ce shekara biyu da suka wuce wata ƙungiya ta raba wa mata masu noman rani baro, don su daina ɗaukar albasa da shinkafa a ka, amma matan sun jingine su. An yi ta cewa ƙauyanci ne, ba sa son sabon abu. Ita kuwa ta gano baron ne ba a yi su daidai jikin mata ba. Ta samu mai walda, Malam Garba, zai bi ƙauyuka da injinsa ya yanke ya gyara, saura macen da za ta shiga gida ta yi awo.

Ban tsaya jan aji ba, domin ina da tawa damuwar. Yayata A'i, wadda ta goye ni, tana aure a wani ƙauye a ƙasan dam ɗin Goronyo. Mijinta ya rasu ya bar mata yara mata uku da 'yar gonar albasa a bakin magudanar ruwa. Daga gonar zuwa bakin titi siririyar hanya ce, mota ba ta shiga, duk abin da ta noma a ka take fito da shi. A bara hannuwanta suka fara mutuwa, sai ta farka ta kasa riƙe ludayi. A asibiti aka ce ƙashin wuyanta ne ya danne jijiya, in ta ci gaba da ɗaukar kaya a ka wata rana za ta kwanta ta kasa tashi. Ƙanin mijinta, Malam Sani, ya ce in bana ba ta iya fitar da albasarta ba zai karɓi gonar ya haɗa da tasa, ita ta huta. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma na san Yaya, gonar nan ce ta hana ta miƙa wa kowa hannu.

Yaya ba ta cikin waɗanda aka raba wa baro, don haka na roƙi Malam Garba ya ƙera mata sabo kafin mu tashi. Ya ce awo uku yake so: daga ƙasa zuwa dunƙulen hannu in mace ta tsaya ta saki hannuwanta, da faɗin kafaɗa, da kaurin abin da tafinta ke iya riƙewa. Nan take na zayyano masa na Yaya da ka.

Ya ɗago ya dube ni. "Hajiya Hajo, kin auna ta?"

Na ce, "Malam Garba, kayan sallarta duk shekara ni ka ɗinka su in aika mata. Na san jikin yayata hiye da nau."

Ya ƙera baron, na sa aka shafa masa koren fenti, aka ɗaure shi a bayan a-kori-kura tare da injin walda da janareta da tarin bututun ƙarfe.

Ranar Litinin da hantsi muka tashi, ni da Malama Rabi a gaba kusa da direba, Malam Garba a baya yana gadin kayansa. Bazara ta kama, ƙarfen motar ma ba ya taɓuwa. Hagu da dama ana ta haƙar albasa, kuma duk inda muka wuce sai ka ga mata a jere bisa kunyar fadama, kowace da buhu a ka, hannu ɗaya na tallafe da shi. Tun ina yarinya nake ganin wannan, ban taɓa kallon wuyansu ba sai ranar.

A Rabah muka sauka gidan gwaggon Malama Rabi, gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Mu a Wurno mace na shigowa ake fara hira, gaisuwar ta biyo baya. A gidan nan kuwa sai da aka tambaye ni lafiyar mutanen da ni kaina na manta da su, ina durƙushe gwiwata na kuka. Aka kawo mana hoce, wainar dawa ta gargajiya, da miyar kuka. Mu da muka saba da shinkafa, na ci ne don kunya, sai ga shi na nemi ƙari. Ba a magana a kan abinci a gidan, ni kuma bakina ba ya iya zama, sau biyu Malama Rabi na taka mini ƙafa.

Da la'asar muka shiga unguwar manoma neman baron da aka raba. Na farko mun same shi cike da dusa, rago na ci a ciki. Na biyu kaza ta yi ƙwai a cikinsa. Na uku maigidan ne ke kai taki da shi, ya ce kuma bai taɓa samun baro mai daɗin turawa irinsa ba. Malam Garba ya tambaye shi yadda aka yi awon.

Mutumin ya ce, "Ai maza na sunka zo. Ƙaƙa za a yi namiji ya shiga cikin gida ya aza ma matar mutum igiya? Nan zaure munka tsaya, anka auna ni, anka rubuta sunanta."

Matarsa ba ta kai masa kafaɗa ba. Na shiga ciki na ce ta ɗaga baron in gani. Ta kama, ta miƙe tsaye, ƙafafun baron ba su bar ƙasa ba. Sai da ta lanƙwasa gwiwar hannu ta ɗage kafaɗu har kunne kafin ya tashi, ga mariƙan sun yi mata nisa da juna, hannuwanta a buɗe kamar mai shanya zane. Taku goma ta yi ta ajiye tana haki. Ta ce da wannan wahala gara kai, kai dai ya saba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito ina faɗa a gaban mazan cewa ban taɓa ganin sakarci irin wannan ba, a ce an yi wa mutum awo ba a ga mutumin ba. Mata tara na auna a Rabah, Malam Garba ya yanke ƙafafu, ya matso da mariƙai, har magariba injinsa na tartsatsi.

Washegari muka nufi Maikujera. A hanya akwai shingen 'yan sa-kai, saboda halin da ƙauyukan wajen ke ciki. Da suka ga bututun ƙarfe da injin walda sai fuskokinsu suka canza, suka ce kowa ya sauko. Babbansu ya zaci bindigogi za a ƙera. Malam Garba ya yi rantsuwa ya yi bayani, bai gamsu ba sai da Malama Rabi ta nuna takardar aikinta, aka kuma sauko da koren baron ya tura shi da kansa. Ni ma aka zazzage jakata a kan benci. Ban ga laifinsu ba, babbansu ya ce mana makon da ya wuce suka binne mutum biyu. Cikin sauri na tattara kayana, na bar tef ɗin awona a kan bencin, ban sani ba sai da muka isa.

Maikujera garin gero da dawa ne, abin da matansu ke ɗauka shi ne dami da itace da jarkokin ruwa. Aka tara mana su a gidan mai unguwa, sun kai ashirin. Na laluba jaka, babu tef. Rana na yi, mata na jira, Malam Garba ya riga ya tayar da janareta. Sai na hango karan dawa jingine da danga, na zaro miƙaƙƙe guda ɗaya na kakkaɓe shi, na nufi wata tsohuwa da ke gaba, Inna Kulu, na kafa shi a ƙasa kusa da ƙafarta.

Wata mai goyo ta ja da baya tana salati. Inna Kulu ba ta motsa ba, ta dubi karan, ta dube ni.

"Ɗiyata, wa ya rasu?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Da kara ake auna gawa, a kai wa masu haƙa su san tsawon kabari. Ni da na tsaya a ƙofar ɗaki na ga an auna mahaifiyarmu da irin karan nan, ni ce na ɗora shi a jikin rayayyiya. Kunya da tsoro suka kama ni tare, na saki karan na durƙusa ina neman gafara. Mata suka fara gyara mayafi za su watse, na ga aikin garin nan ya lalace a hannuna.

Inna Kulu ce ta tsayar da su. Ta ce, "Ku zamna. Baƙuwa ta, kuma ba da nuhi tay yi ba." Ta juyo gare ni. "Mi kika son sani ga jikina?"

Na faɗa mata. Ta leƙa jakata ta ga ƙyallayen atamfa, ragowar ɗinki da nake yawo da su ina ba yara. Ta zaɓi dogo guda, ta taka bakinsa da ɗan yatsan ƙafa, ta ja shi sama zuwa dunƙulen hannunta ta ƙulla. Ta sa jikarta ta shimfiɗa mata shi a kafaɗa, ta ƙulla na biyu. Ta naɗa shi a tafinta, ta ƙulla na uku. Ta miƙo mini.

"Ga shi. Ni na auna kaina, da raina."

Haka sauran suka yi, kowace ta zaɓi launin da take so. Aka kai wa Malam Garba ƙyallaye dami guda a zaure, ya ce wannan ya fi masa lamba a takarda, don ƙulli ba ya ƙarya. Kwana biyu muka yi a garin. Matar mai unguwa ta bar mana ɗakinta, furarsu kuma mai kauri ce, ba a dama ta da ruwa da yawa kamar tamu, kofi ɗaya ya riƙe ni har azahar. Tun daga nan ban sake neman tef ba.

Ranar Alhamis muka juyo muka ɗauki hanyar Goronyo, muka ratsa ta Giyawa inda jakuna da babura suka fi motoci yawa. A nan wata Bafulatana mai tallan nono, Dije, ta tsaya tana kallon koren baron tana dariya. Ta ce nono ba ya son girgiza, ƙwaryarta ta ishe ta. Na dubi wuyanta, miƙe yake sambal, ga shi ta girme ni. Na tambaye ta sirrin. Ta ce babu wani sirri, ƙwarya ba buhu ba ce, kuma a rugarsu abin da ya wuce ƙwarya jaki ake ɗora wa. Ta ce matan fadama suna ba ta tausayi, tun da aka kawo musu ruwan rani ba su da watan hutu. Maganar ta tsaya mini a rai, domin mu kullum albarkar dam muke faɗa, kuma albarka ce, ba mu taɓa lissafa wanda ke ɗaukar ta a ka ba.

Da azahar muka isa ƙauyen su Yaya. Ga wurin da nake tsallakewa.

Ba ta gida, tana gona. Muka bar mota a bakin titi, na tura baron da kaina a kan siririyar hanyar, ina jin daɗi kamar mai kai kayan biki. Na hango albasarta an haƙe an tara, an rufe da ganye saboda rana, kwana shida ke nan a wurin. Malam Sani na tsaye a gefen gonarsa. Yaya na zaune tana yanke ganyen albasa da 'yarta ta fari, gammonta na ajiye a gefe. Mun yi kusan shekara uku ba mu haɗu ba, ko da muke haɗuwa kuwa a gidan biki ne ko gidan rasuwa, tana zaune cikin mayafi.

Ta ce, "Hajo, ke ta da rana tsaka haka?"

Na ce, "Yaya, tashi ki ga abin da na kawo miki. Daidai jikinki anka yi shi."

Aka ɗora buhu ɗaya. Ta dafa ƙasa ta tashi, ta kama mariƙan, ta miƙe iyakar miƙewarta. Ƙafafun baron ba su bar ƙasa ba. Ta lanƙwasa gwiwar hannu, ta ɗage kafaɗu, na ga ta runtse ido don zafin wuya, baron ya tashi ya karkace hagu, buhun ya faɗi albasa ta watse cikin fangalin shuka. Abin da na gani a Rabah, shi na sake gani, sai dai wannan karon babu namijin da zan zaga.

Duk da haka na gwada. Na juya kan Malam Garba na ce ya ƙara tsawo a kan abin da na ba shi. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙyalle ɗaya da ya rage, ya miƙo mini.

Yaya ta taka bakin ƙyallen, na ja shi zuwa dunƙulen hannunta na dama na ƙulla, sannan na gwada da mariƙin baron. Yatsu huɗu ne tsakani. Na koma hagu, can ma ya fi, don kafaɗarta ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama. Na tsaya a gabanta sosai, abin da na daɗe ban yi ba. Yaya da nake ɗaga kai in dubi fuskarta, yau ina ganin tsakiyar kanta, inda gammo ya cinye gashin ya bar fili.

Malam Sani ya matso ya ce a hankali, "Yaya A'i, kin gani ko? Ki bari in ɗauke miki wahalar ga."

Yaya ta dube ni. Ta kama gefen rigar da ke jikinta, wadda na ɗinka mata sallar bara, ta juyo mini da cikin rigar. An kalmashe bakin rigar an ɗinke da zare da allura, ɗinkin hannu mai kyau irin wanda ita ta koya mini.

Ta ce, "Duk wadda kika aiko, haka nika yi mata. Shekara bakwai ke nan."

Na ce, "Yaya, don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

"Kina murna kin san jikina, in ɓata miki?" Ta yi ɗan murmushi. "Ba ki yi kuskure ba, Hajo, da can haka nike. Sauran tsawon na kai shi bakin titi tare da albasa."

Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka a gaban maza, ban damu ba. Kwana uku ina zagin waɗanda suka tsaya a zaure suka auna miji suka rubuta sunan mata. Su ko ba komai sun auna wani mai rai da ke gabansu. Ni Yayar shekara goma sha biyar da suka wuce na auna, wadda ke cikin kaina, na ƙera mata baro.

Malam Garba ya matso. Ya karɓi ƙyallen, ya ɗauki baron a kafaɗa ya koma bakin titi wurin injinsa. Muna jin ƙarar janareta muna tsince albasar da ta watse, har da Malam Sani. Kafin la'asar ya dawo. Ya rage ƙafafun, ya sauke mariƙin hagu kaɗan ƙasa da na dama, ya naɗe su da robar taya don kada su zame mata. Duk wanda ya ga baron zai ce a karkace yake. Yaya ta kama, ta miƙe, hannuwanta a sake, ƙafafun suka tashi daga ƙasa. Ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta juya wuyanta hagu da dama kamar mai neman wani abu da ta saba ji. Sannan ta kama hanya.

Sawu shida ta yi kafin magariba, rabin buhu rabin buhu, 'yarta na karɓar ta in ta gaji. A sawu na uku Malam Sani ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya kama bakin buhu ya ɗora mata. Ya ce gobe zai sa a cike ramin da ke tsakiyar hanyar don kada tayar ta riƙa faɗawa. Bai sake maganar gona ba. Ban ce ta warke ba, hannunta na nan yana mutuwa da safe, kuma tsawon da ya tafi ba zai dawo ba. Amma albasar ta fita, gonar kuma tana hannunta.

Masu tambayar kifi, an dafa mana, ban san ɗanɗanonsa ba.

Da za mu taho ranar Juma'a, Malam Garba ya miƙo mini wani abu ƙunshe a takarda. Guntayen bututu ne guda biyu da ya yanke daga ƙafafun baron, da sauran koren fenti a jikinsu, kowane tsawon yatsu huɗu. Su ne waɗannan da kuke gani a kan kekena kuna tambaya ko na danne yadi ne. Saboda su ne kuma yanzu ko jiya na yi miki ɗinki, in kin dawo yau sai na ce ki tashi tsaye in auna ki. Wasunku na jin haushi, kuna cewa Hajo ta tsufa idonta ya mutu. Idona lafiya lau yake, da shi na yi shekara bakwai ina kallon yayata ban gan ta ba.